GAWO MA IRI IRI NE: A SAN INDA ZA A ƊEBO IRIN SHUKA

Kowace shekara, da damina ta kankama, a kan raba wa jama'a dashen itatuwa a ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, a dasa a gonaki da bakin hanya da filayen makarantu. Bazara na kewayowa, in an je dubawa, sai a tarar da yawansu sun zama ƙirare. In aka tambayi dalili, wannan ya ce awaki ne, wancan ya ce gara ce, wani kuma ya ce ruwa ne ya ɗauke da wuri. Duk ba wanda ya yi ƙarya. Amma akwai wani dalili guda da ba a cika ambatonsa ba, shi ne asalin ƙwayar da aka shuka a lambun reno, watau daga wace ƙasa ta zo, kuma daga itace nawa aka tsinto ta.

Abin mamaki ne yadda a ke sakaci da wannan. Ba manomin da zai auni irin gero a kasuwa bai tambaya ba ko zango ne ko wani iri, na kwana nawa ne, a wace ƙasa aka nome shi. Ya san kaura dabam, farafara dabam, ko da ya ke duk dawa ce. Makiyayi ma ya san Bunaji da Rahaji da Bokoloji, ya san wanda ya fi jure tafiya da ƙishirwa a cikinsu. Amma da an zo kan itace sai a ce ai gawo gawo ne, ɗorawa ɗorawa ce. To, ba haka ba ne. Ga shi kuwa gero in ya ƙi, hasarar damina ɗaya ce, baɗi a sake iri. Itace fa sai an yi shekara biyar ko goma ana wahala da shi kafin a gane an dasa abin da bai dace da wurin ba.

Tun da ya ke daga Janairu zuwa Maris ne 'ya'yan gawo ke nuna suna zuba, kuma lokacin ne masu lambunan reno ke tara iri, da gawo za a yi misali.

Ba sai an tsaya gaya wa manomi amfanin gawo ba. Shi ne itacen da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar wa gero rana, sa'an nan ya yi sabon ganye da rani, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Cikin 1965 waɗansu masana biyu, Charreau da Vidal, suka auna wannan a tashar binciken noma ta Bambey a ƙasar Senegal, suka tarar geron da ke ƙarƙashin gawo ya ninka na fili sau biyu da rabi. Sarakunan da ma sun san haka ba tare da ma'auni ba. Har yanzu ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu cikin 1884, cewa ya kafa doka duk wanda ya sare gawo a bakin ransa.

MENE NE GADO GA ITACE?

Abin da ke sa ɗa ya yi kama da iyayensa waɗansu ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna cikin jikin kowane abu mai rai, mutum ko dabba ko tsiro. Masana na kiransu ƙwayoyin gado. Rabinsu daga uwa su ke zuwa, rabi daga uba. Itace ma yana da uwa da uba. Uwa ita ce wadda 'ya'yan suka fito a jikinta. Uba kuwa shi ne wanda ƙudan zuma da sauran ƙwari suka kwaso garin furensa suka kawo wa uwar. Gawo na yin fure da kaka, bayan ɗaukewar ruwa, kuma ya fi ɗaukar garin furen wani gawon bisa ga nasa na kansa. Don haka ƙwayoyin da ke cikin 'ya'yan itace guda uwarsu ɗaya ce, amma ubanninsu sun bambanta, kuma ba biyun da za su fito daidai da juna sak. Wani ya yi saurin girma, wani ya yi nawa. Wani 'ya'yansa manya masu kauri, wani sirara. Wani ya riga 'yan'uwansa fid da ganye da mako biyu ko uku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma ba duk 'ya'yan barewa ne gudunsu ya zo ɗaya ba.

Daga wannan 'yar bambance-bambancen ne babban bambanci ke tasowa tsakanin itatuwan wannan ƙasa da na waccan. A ɗauki wuri mai rairayi inda ruwa ke can ƙasa da nisa. Ƙwaya dubu ta tsira da damina. Duk tsiron da bai yi hanzarin zura saiwarsa ƙasa ba, ranin farko zai kashe shi, ba zai kai ga yin 'ya'ya ba balle a gaje shi. Waɗanda suka tsira su ne za su haifi na gaba. In aka yi ta haka shekara dubbai, sai gawon wurin ya zama mai halin zura saiwa tun yana ƙarami. A ƙasar Senegal an bi saiwar gawo an same ta ta wuce mita 30, watau kimanin ƙafa 100. A bakin kogi kuwa, inda ruwa ke kusa, ba ƙishirwa ce ke kisa ba, inuwar maƙwabta ce. Can wanda ya yi saurin miƙewa sama shi ke rayuwa. Ƙasa ita ke tankaɗe itatuwanta, kamar yadda manomi ke ware zangarniyar iri a lokacin girbi.

Sai dai akwai wani wuri da a kan ruɗe. In mutum ya ga gawon fadama ƙato, na kan tudu tsamurarre, wannan kaɗai bai nuna gadonsu ya bambanta ba. Mai yiwuwa ƙoshi ne da yunwa kurum. Hanyar rarrabewa ita ce a ɗebo ƙwaya daga wurare dabam dabam, a shuka su jere a fili guda, ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya, kulawa ɗaya. Duk bambancin da ya fito bayan haka na gado ne.

ABIN DA YA FARU A SADORE

An yi irin wannan gwaji, kuma ba da nisa ƙwarai ba. Gawo ba itacen ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Yana nan tun daga Senegal har Habasha, ya gangara ta Kenya da Tanzaniya har Zimbabuwe da Namibiya, ta arewa kuma ya bi kogin Nilu har Masar. Wajen ƙarshen shekarun 1980, ma'aikatan cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kamar kilomita 40 kudu da birnin Yamai, suka tara ƙwayar gawo daga ƙasashen yamma da na gabas da na kudancin Afirka, suka shuka a rairayin tasharsu.

Tun daga ƙwayar aka fara ganin bambanci, gama ta kudancin Afirka ta fi ta nan girma. A lambun reno ma na kudu suka yi wa na gida fintinkau, ga tsawo ga ganye. Duk wanda ya shiga lambun a lokacin, in aka ce ya zaɓa, na kudu zai nuna. Aka dasa su a fili. Da fari baƙin suka ci gaba da tsere wa 'yan gida. Amma da rani ya yi ta kewayowa sai suka shiga mutuwa, na yammacin Afirka kuwa, waɗanda aka raina saboda gajarta, suna nan da ransu. Wani masani mai suna Vandenbeldt ya tone saiwoyin ya duba, ya buga sakamakon cikin 1991. Abin da ya gano shi ne, gawon gabas da kudancin Afirka ɗan bakin kogi ne, irin na kwarin Zambezi, ya saba da ruwa kusa, ƙarfinsa duk a sama ya ke zuba shi. Na yammacin Afirka ɗan tudu ne, ya kan fara da gina saiwa tukuna, ya bar tsawo sai daga baya.

Kada kuma a ɗauka na nan ya fi na can ko'ina. Cikin 1989 an buga labarin wani gwajin da aka yi a Zimbabuwe, can kuwa na gida ne suka fi girma, na yammacin Afirka suka zo baya. Kowane gawo gwani ne a ƙasar da ta tankaɗe kakanninsa.

Darasin da ke cikin wannan ga mai lambun reno yana da ɗaci, domin ya saɓa wa abin da ido ke so. Dashen da ya fi kyan gani a cikin leda ba lalle ne shi zai rayu a gona ba. Mai raba dashe kuwa, da mai karɓa, duk dogon su ke miƙa wa hannu.

Bayan gwajin fili, masana sun kuma duba abin a ɗakin bincike, inda a ke niƙa ƙwaya a karanta alamun gadon da ke cikinta. Cikin 1997 masanan Jami'ar Oxford ta Ingila suka nuna gawon Afirka ya rabu manyan gidaje uku, na yamma, da na kudu, da na arewa maso gabas, wajen Sudan da Habasha. Kafin nan, cikin 1992, wata Bafaransa mai suna Joly da abokan aikinta sun bincika gungun gawo na wurare da yawa a yammacin Afirka. Abin da suka samu ya cancanci a tsaya a kansa. Akwai bambanci tsakanin gungun wannan wuri da na wancan, amma mafi yawan bambancin a cikin kowane gungu ya ke, tsakanin itace da maƙwabcinsa. Watau in aka shiga gonakin ƙauye guda aka bi gawo ɗaya ɗaya, za a sami dukiyar gado mai yawa ƙwarai a wurin, muddin itatuwan suna da yawa.

Ba wuya a ga abin da ya taimaka wajen wannan cuɗanya. Ƙwayar gawo tana da tauri, saniya ko akuya ta haɗiye ta, ta yi kwanaki a ciki, ta fita a kashi ba abin da ya same ta, har ma ta fi saurin tsira. Garken da ya ci 'ya'yan gawo a ƙasar Magariya ya kan kwana biyu ya zubar da ƙwayar a gonakin Ɓaɓura. Fulani da ke gangarowa kudu da rani su koma arewa da damina sun daɗe suna yi wa manoma jigilar irin gawo, ba wanda ya biya su ko anini.

ƘASA HUƊU, HALI DABAM DABAM

Wanda ya san wannan yanki ya san ba ƙasa ɗaya ba ce, ko da ya ke tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce da tuddai masu tsakuwa da marmara, inda saiwa ke neman tsaga kafin ta sami hanyar shiga. Tsakanin tuddan akwai kwaruruka da fadamu, da bakin kogin Gari, inda ruwa ke kusa. Gwiwa na yamma, kan iyakar Katsina. Ɓaɓura kuwa a arewa maso gabas ta ke, kan iyakar Nijar, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai zurfin rairayi, irin wadda Bahaushe ke kira jigawa tun kafin a raɗa wa jiha sunan cikin 1991. Ruwan sama kuma, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, yana raguwa ne in ana yin arewa.

To, tsiron gawo a gindin dutsen Roni, da na fadama, da na jigawar Ɓaɓura, ba jarrabawa ɗaya su ke fuskanta a ranin farko ba. Tazarar ba ta kai ta Yamai da Zambezi ba, shanu da ƙudan zuma kuma suna ta gauraya su, saboda haka ba za a sa ran bambanci mai girman wancan ba. Amma hankali ya ba da cewa wanda zai dasa a jigawa ya nemi irinsa a jigawa, wanda zai dasa a tsakuwa ya nema a tsakuwa. Abin da ya fi kowane kuskure yawa shi ne tsintar iri a fadama, domin can ne itatuwa suka fi girma, 'ya'ya suka fi yawa, buhu ya fi saurin cika, sa'an nan a kwashi dashen a kai kan tudu.

In kuwa tilas sai an kawo iri daga wani wuri, ta wace fuska za a nema? A nan wani itacen ne ya ba da amsa, shi ne ƙirya, wadda a ke sassaƙa turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ke son gawayinta. Masana na cibiyar ICRAF da na Nijar, cikinsu har da Weber da Larwanou, sun tara ƙwayar ƙirya daga wurare da yawa a Nijar da Burkina Faso, daga masu ruwa zuwa masu ƙarancinsa, suka shuka a fili guda a Nijar, suka jira fiye da shekara 10. Cikin 2008 suka ba da sakamako: waɗanda iyayensu suka fito daga wuraren da suka fi bushewa su suka fi rayuwa, su suka fi girma. Shawarar da suka bayar ita ce iri ya riƙa tafiya daga ƙasa mai ƙarancin ruwa zuwa mai ruwa, kada a juya. In aka kawo wannan nan gida, ma'anarsa ita ce irin Ɓaɓura ya iya zuwa Roni, na Magariya ya iya zuwa Ɓaɓura, amma ɗauko iri daga Zariya ko kudancin Kano a kawo Ɓaɓura caca ce. Duk wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san itacen da za a dasa yau, wanda a ke fatan ya shekara 70 ko fiye, ba makawa zai gamu da irinsu. Don shekarar fari a ke zaɓen iri, shekarar ruwa kowa gwani ne.

DARBEJIYA, 'YAN GIDA ƊAYA

Saura magana ta biyu, yawan iyayen da aka ɗebo irin daga gare su. A kan wannan ba misalin da ya fi darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro ko maina. Yaro na yanzu zai zaci tun fil azal tana nan. Alhali baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya da Bama. Ta fara sauka a ƙasar Gana, daga can aka kawo ta Barno cikin 1928, daga Barno ta bazu. Itatuwan da aka fara kawowa kaɗan ne, saboda haka miliyoyin da ke bakin titi da kasuwanni da layukan kare iska na Jigawa da Kano da Katsina kusan 'yan gida ɗaya ne.

Wajen 1990 sai aka ga darbejiya tana wata irin lalacewa a Nijar, daga baya har arewacin Nijeriya da maƙwabta. Ganye ya yi rawaya ya zube, sai ɗan tuntu a kan reshe, reshen ya yi tsawo tsirara kamar wuyan raƙumin dawa, daga nan ya bushe. Masu bincike sun ɗora laifin bisa fari da taurin ƙasa, sun kuma yi nuni da ƙarancin asalin da itatuwan suka fito. Da ya ke duk halinsu ɗaya, abin da ya kayar da ɗaya ya kan kayar da dubu. Wannan tsoro yana cikin abin da ya sa aka shiga tattaro sabon irin darbejiya daga ƙasashen Asiya ana gwadawa a Afirka cikin shekarun 1990.

Gawo ba shi da wannan matsala tun asali, gama ɗan ƙasa ne, gadonsa da faɗi. Mutane ne ke iya jawo masa ita, kuma ta hanya mai sauƙi ƙwarai. Gawo babba guda ɗaya ya kan zubar da 'ya'yan da za su ba da ƙwaya dubbai. Leburan da aka aika neman iri, in ba a yi masa bayani ba, me zai kai shi yawon gonaki cikin rana? Zai sami itace guda kusa da hanya ya cika buhunsa kafin azahar. Daga wannan buhu a yi dashe 10,000 a raba wa ƙauyuka 20. A takarda an dasa itace 10,000. A wajen gado kuwa an dasa 'ya'yan uwa ɗaya ne. In suka girma, su za su yi ta ba juna garin fure, kamar garken da aka bar wa bunsuru guda shekara da shekaru yana barbarar 'ya'yansa da jikokinsa. Kowane mai kiwo ya san yadda 'ya'yan irin wannan garke ke fitowa.

Akwai kuma wata hanyar da gadon ke tsukewa ba wanda ya lura. A gonaki da yawa tsofaffin gawo ne kaɗai suka rage, ba matasa a bayansu, domin garmar shanu da fartanya suna tafiya da tsiron tun yana ɗan yatsa. Tsofaffin kuma ana yi musu sara mai tsanani da rani don dabbobi, itacen da aka aske kuwa ba ya yin 'ya'yan kirki a shekarar. Sai ya zama cikin itace 50 na ƙauye, biyar ko shida ne kaɗai ke haihuwa. Duk tsohon gawon da ya faɗi bai bar na baya ba, ya tafi da wani hali wanda watakila shi ne za a nema ran da wata cuta ko wani fari ya zo.

YADDA ZA A TARA IRI

Ƙa'idar da ma'aikatan daji ke bi ita ce a ɗebo daga itace 25 ko 30 a ƙalla, kuma tsakanin kowane da na gaba a bar kamar mita 100, watau taki 120 da 'yan kai. Dalilin tazarar shi ne, gawo na yin toho daga saiwa. Itace huɗu ko biyar da ke tsaye kusa da juna mai yiwuwa itace ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa, ko kuwa uwa ce da 'ya'yanta. A ɗebi kimanin daidai wa daida daga kowanne, kada mai yawan 'ya'ya ya rinjayi sauran. A zaɓi masu lafiya, amma kada a tsananta zaɓe har a koma kan 'yan ƙalilan. Wanda ke tsaye shi kaɗai tilo, ba wani gawo kusa da shi, a bar shi, gama da wuya ƙudan zuma su kawo masa garin furen wani.

Gara a kaɗo 'ya'yan daga sama da gora bisa ga a tsinci waɗanda suka daɗe a ƙasa, domin akwai wani ɗan ƙwaro mai huda ƙwayar ya cinye cikinta. A daka a turmi a hankali, a sheƙe, a zuba ƙwayar a ruwa, wadda ta taso sama a zubar. Kafin shuka a zuba mata ruwan zafi a bar ta ta kwana a ciki, ko a ɗan kankare gefenta da wuƙa. In an shuka a leda cikin Afrilu, a dasa cikin Yuli, kada a bari ta wuce wata uku ko huɗu, don saiwar ba ta jira, za ta naɗe a gindin leda, dashen da saiwarsa ta naɗe kuwa ya rasa abin da ya sa gawon ƙasar nan ya fi baƙo.

Manomin da ba shi da halin wannan yawo yana da wata dabara a gidansa. Awakin da suka wuni suna kiwo a gonakin gari sun bi gindin gawo da yawa, ƙwayar da ke cikin takin turkensu gauraye ta ke, ta kuma riga ta yi laushi. Amma 'ya'yan gawon da a ke saye a buhu a kasuwa don turkar rago, waɗannan ba a san garinsu ba, a bar su ga rago.

Mafi arha duka shi ne a bar abin da Allah ya tsirar. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya shiga jawo hankalin manoma su daina tumɓuke kututture da toho a lokacin sassabe, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su gyara su bar su su tashi. Can suna kiran abin sassaben zamani. An ƙiyasta ya bazu a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itace kamar miliyan 200. A ƙasashen Magariya da Matamaye da Mirya, waɗanda ke arewa da Ɓaɓura da Daura, gawo ne ya fi yawa cikin abin da ya tashi. Waɗannan itatuwa ba wanda ya rene su a leda. Ƙasar wurin ce ta tankaɗe su, iyayensu kuma ba su ƙirguwa. Manomin Gwiwa ko Roni da ya kafa ɗan tsinke kusa da tsiron gawo don mai garma ya kauce masa, ya kuma kewaye shi da ƙaya da rani, ya sami abin da lambun reno ba zai iya ba shi ba. Lambu na da amfaninsa a inda ƙasa ta riga ta zama fako, ba kututture ba tsiro, da kuma manyan ayyuka irin na Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda ƙasashen Afirka suka amince da ita cikin 2007, Jigawa kuwa na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa a Nijeriya.

Abu na ƙarshe na malaman gona ne da malaman daji da shugabannin ƙungiyoyin manoma. Kowane ƙullin iri a rubuta masa takarda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje: sunan ƙauyen, irin ƙasar wurin, ko jigawa ko tsakuwa ko fadama, yawan itatuwan da aka ɗeba, da watan da shekarar. Takardar ta bi dashen har gonar da aka kai shi. Inda kuma aka sami fili mai shinge, kamar na makaranta, a dasa layi ɗaya na irin Ɓaɓura, ɗaya na tuddan Roni, ɗaya na fadamar Kazaure, kowane layi dashe 25, taki 12 tsakanin dashe da dashe, a maimaita jerin sau uku ko huɗu a sassan filin dabam dabam don kada wani layi ya ci gajiyar wuri mai taki shi kaɗai. Kada a yanke hukunci a shekarar farko. A ƙarshen bazara ta uku, kafin ruwan farko, a ƙidaya waɗanda ke da rai a kowane layi, a rubuta, a aika wa ofishin gona na ƙaramar hukuma.